Waldar da Ta Raba Baba da Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu cikin damina, ranar Talata bayan azahar, aka yi masa sutura a Kaura Namoda kafin a kira magariba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Na fara da addu'a ne don kada a ce auta ba ta da ladabi, domin abin da zan rubuta akwai haushi a cikinsa, kuma kaso mafi girma na haushin nan na mamacin ne da kansa.

Zaman makoki ya cika har bakin titi. Direbobin Shinkafi sun zo, na Zurmi sun zo, mutanen Ɗan Isa suka ciko akori-kura guda, Fulani suka jingine sandunansu a katangar gareji suka zauna can gefe. Mu mata muna cikin gida, amma gidanmu ba ya riƙe magana, abin da aka faɗa a zaure sai ya iso madafi. Kowa ya ce Allah shi jiƙan mai walda, mutumin kirki, mai magana ɗaya. Daga nan sai murya ta yi ƙasa, a tambayi na kusa: “Wai ya yahe ma ɗan nashi kahin shi cika?”

Ɗan da ake nufi shi ne Yayanmu, ɗan farin Baba, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji. Yana zaune a ƙarshen tabarma yana karɓar gaisuwa, ana ba shi hannu ana janyewa da wuri. A wurinmu ba ƙaramin abu ba ne uba ya bar duniya da fushin ɗansa. Ni ce kuma nake riƙe da kan Baba lokacin da rai ya yi halinsa, saboda haka ido duk ya dawo kaina. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta iya kewaye-kewaye ba. A bakin randa ta tare ni.

“Ke auta, ke ag gurin. Ya hwaɗi ko bai hwaɗi ba?”

Na ce, “Gwaggo, ki bari a share makoki.”

“Makokin mi? Yaron can ko ruwa bai sha ba tun jiya, ke kina ce mini a share makoki.”

Abin da ya ƙara ƙona min rai, wasu samari ne da suka zo a kan babura. Bayan sun shafa fatiha, ɗayansu ya ce ai tsohon nan shi ya kawo waldar tukunya garin nan, ba don shi ba da ba a san wasan mota ba a Kaura. Yana ganin yabo ya yi. Da Baba zai ji wannan magana, da sifana zai bi shi har tasha.

Wanda bai tashi gidan makanike ba sai na yi masa bayani. A ƙarƙashin mota, tsakanin tayoyin baya, akwai wani ƙullutun ƙarfe da direbobi ke kira difaransha, mu a gidanmu tukunya muke ce masa. A ciki akwai ƙananan haƙora da ke bai wa kowace taya damar juyawa da nata saurin. Baba kan ce wa direba ya dubi shanun huɗa in sun kai ƙarshen gona za su juyo: na waje yana ɗaga ƙafa da sauri, na ciki yana tattaka wuri ɗaya yana jiransa. Haka tayoyin mota suke yi a kwana. Inda matsalar take, in taya ɗaya ta faɗa taɓo sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta zauna tana kallo. To in aka buɗe tukunyar aka yi wa ƙananan haƙoran walda suka zama abu guda, wato aka ɗinke su, tayoyin biyu dole su juya tare. Motar da aka yi wa haka tana ratsa laka da rairayi ba ta ko tsayawa. A kan kwalta kuwa sai ta zama mai taurin kai. Taya na kuka a kowace kwana, tana cinyewa da wuri, in kuma an yi ruwa kana juya sitiyari ita tana neman miƙewa.

Baba ya koyi wannan aiki tun yana saurayi, a hannun wani tsohon makanike da ke gyaran motocin kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa. Lokacin da aka ba mu jiharmu motoci suka ƙaru, aka gyara manyan hanyoyi, amma hanyoyin ƙauye suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Ruwa na sauka, wanda ke bayan Birnin Tsaba ya zama kamar yana wata ƙasa. Don haka da an ga hadarin fari, masu akori-kura sai su yi layi a ƙofar garejinmu.

Ba kowa yake yi wa ba. Tambayarsa ta farko kullum ita ce, “Ina za ta?” Ba ya tambayar mai mota lafiyar iyali sai ya ji inda motar za ta. In ka ce daji, sai ya durƙusa ya dubi tayoyinka, ya kankare ƙasar da ta maƙale a ƙarƙashi ya murza a yatsa. Na taɓa jin ya ce wa wani, “Kai ka ce daji kaka shiga, tayakka ko ta ce ba ta taɓa barin kwalta ba. Wa zan gaskata cikinku?” Mutumin ya ja motarsa yana gunaguni, Baba ya koma kan bencinsa ya ɓare goro.

Wanda ya yarda ya yi wa kuma, sai ya shafa wa tukunyar farin fenti, ya ja wani farin layi a gaban direba, daidai inda ido ke sauka. Duk direban yankinmu ya san ma'anar layin nan: wannan mota a ɗinke take, a bi kwana a hankali. Da kaka ta yi, sai a dawo masa da ita ya sauke tukunyar ya mayar da lafiyayya. Wanda ya ƙi dawowa, Baba zai aika masa saƙo ta bakin duk direban da ya wuce, har kunya ta kawo shi.

Ba shi da riga ko ɗaya da tartsatsin walda bai huda ba, har ta Juma'a, domin a hanyar masallaci ma sai wani ya tsayar da shi ya ce ɗan taɓa min nan. Idanunsa kullum jajir, don gilashin kare idonsa ya tsage tun ina goye, ya ce yana nan da sauransa. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Da damina kuwa ba ma sa ran ganinsa a kan lokacin tuwo. Ana cewa mota ta kafe a fadama, zai ɗauki sarƙa ya hau tsohuwar jif ɗinsa. Wata rana ya ɗauko wata Bafillatana mai naƙuda daga ruga ya kawo ta asibiti, ya dawo gida laka tun daga hula har ƙafa, Inna ta tare ƙofar ɗaki ta ce sai dai ya wanke a waje kamar jaki. Mijin matar ya kawo masa rago, ya mayar da shi da faɗa, wai shi ba don rago ya lalata kulochinsa ba. Haka alherinsa yake, kullum da masifa a haɗe.

Yaya ya tashi a garejin nan, ya yi aure a nan, 'ya'yansa suka fara tafiya a cikin baƙin mai. Amma da yake ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ba wanda ya ga aibu. “Wancan” yake ce masa. Suna ƙarƙashin mota ɗaya, sai Baba ya ɗago ya ce da mai motar, “Ce ma wancan shi miƙo sifana.” Hannun Yaya ya fi na Baba kyau a walda, kuma Baba ya sani. In Yaya ya gama aiki, sai Baba ya zo ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya wuce abinsa. Yaya ya taɓa gaya min cewa ranar da aka shafa ba a yi tsaki ba, ranar yakan ci tuwo da yawa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗa da rawar biki suka ja baya. Samari suka rasa inda za su kai zafin jininsu, sai suka koma wasan mota. Ranar ɗaurin aure a taru a fili bayan gari, direba ya taka totur ya saki kulochi ya murɗa sitiyari, bayan motar ya riƙa shillo yana zagayawa, ƙura ta tashi, ana ihu. Ba a daɗe ba suka gano cewa motar da aka ɗinke wa tukunya ta fi kowace juyawa. Suka fara zuwa wurin Baba. Ya tambaye su ina za ta, suka ce fili. Ya ce shi bai san garin da ake kira fili ba, su ba shi wuri.

Wata Alhamis Baba ya tafi kasuwar Shinkafi neman kayan gyara. Wani abokin Yaya ya kawo ƙaramar motarsa, ya ce bikin ƙaninsa ne, wasan yini ɗaya, washegari a sauke. Ya kuma roƙi kada a shafa fenti, don kada a ɓata masa gaban mota. Yaya ya yi masa, bai shafa ba. Biki ya wuce, abokin bai dawo ba, Yaya ya ji nauyin bin sa. Daga baya abokin ya sayar da motar, ta bi hannu ta bi hannu, ta faɗa hannun wani tsohon direban haya, aminin Baba tun na ƙuruciya. Ya ji taya na ɗan kuka, ya ɗauka tsufan mota ne, tunda bai ga farin layi ba. Ranar da aka yi ruwa ya ɗebo fasinja zuwa Zurmi, ya zo kwana ya juya, motar ta miƙe da su cikin rami. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a ƙugu, shi kuma aminin Baba aka yanke masa hannun dama.

Baba da kansa ya je ya jawo motar. Ya buɗe tukunyar a gaban mutane, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe bai dubi Yaya ba, taron ya duba.

“Ku shaida. Wallahi ba ni ƙara magana da wancan, ba ni kuma shiga motad da hannunai ya taɓa.”

Yaya ya durƙusa ya kama ƙafarsa, Baba ya zare ya shige gida. Bayan sati kaɗan Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Zurmi ya buɗe nasa garejin.

A nan muka yi sakaci gaba ɗayanmu. Mun saba ganin su ba sa magana, sai muka kasa bambance fushi da kunya. In na tayar da zancen, Gwaggo ta ce, “Yo da can hira suka yi? Ƙyale su.” Inna kuwa abin na cin ta, amma ɗan farinta ne ita ma, in ta buɗe baki ta roƙa masa sai a ce ba ta da kunya. Sai dai ta ƙulla daddawa da kuka ta ba ni ta ce in kai wa “mutanen Zurmi”. Da Sallah Yaya kan zo ya durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, Baba ya ƙura wa bango ido har ya tashi. Baƙo in ya gani sai ya ce kai, gidan nan akwai ta ido.

Shi kansa aminin Baba mai hannun ya zo, da hannun rigarsa a naɗe, ya ce ya yafe duniya da lahira, ƙaddara ce. Baba ya ce, “Kai ka yahe naka. Ni nawa daban ne.” Liman ya zo ya ce rantsuwa irin wannan karya ta ya fi alheri, a yi kaffara a wuce wurin. Baba ya saurara da ladabi, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ci gaba da abin da yake yi. Ni da nake auta, mai bakin da ba a hanawa, na taso daga ɗakina a Shinkafi na same shi na ce:

“Baba, shekara nawa za ka yi kana hukunta mutum guda? Ya daina yi ma 'yan wasa, duk motad da ya ɗinke sai ya shahwa henti har ya yi yawa. Mi kaka so shi yi kuma?”

Ya ce, “Shi mai da ma mutane hannunsu.”

“Wannan ko kai ba ka iyawa.”

“To ki tashi ki ba ni wuri, ke ma kin hwara kama da shi.”

Na fita ina kuka don takaici. Na sani yana son ɗansa. Duk direban da ya fito daga Zurmi sai Baba ya leƙa ƙarƙashin motarsa, wai yana duba mai, alhali aikin Yaya yake nema ya gani. Amma a ce ya buɗe baki, ina!

Da idonsa ya yi rauni ya rufe gareji, ya koma noma a ƙauyen kakanninmu, can bayan Birnin Tsaba. A nan ciwon ya same shi, zazzaɓi da ciwon ƙirji, a tsakiyar damina. Ni na fara isa, rabin hanyar a ƙafa. Na tarar numfashinsa na fita da ƙyar, ga ruwa an kwana ana yi, fadamar da ke tsakaninmu da babbar hanya ta cika ta zama taɓo. Na roƙi wani maƙwabci ya ratsa ya kai wa Yaya saƙo Zurmi. Da hantsi muka ji kukan akori-kura tana fasa laka. Ba wanda zai iya shigowa ranar sai mai ɗinkakkiyar tukunya, kuma Baba ya gane motar Yaya ce tun kafin ta tsaya. Ya juya fuska bango.

“Ba ni shiga.”

Na roƙe shi. Dattawan ƙauyen suka roƙe shi. Yaya na tsaye a waje cikin yayyafi, bai shigo ba, bai koma mota ba. Rana ta yi ta tafiya muna abu ɗaya, hadari na sake haɗuwa. Daga ƙarshe na manta da wa nake magana, na ɗaga murya na ce, “Baba, in mutuwa kaka so ka mutu, amma ba ka mutuwa a hannuna don taurin kai! Ni zan yi azumin kaffarar in ana karɓa!” Ya dube ni da jajayen idanun nan, sannan ya ce, “Ku ɗauke ni.”

Yaya da maƙwabcin suka ɗauko shi. Rabon da hannun Yaya ya taɓa jikin mahaifinsa tun ranar da ya kama ƙafarsa a gareji. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar, aka ja tamfol, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Yaya ya shiga gaba ya ja.

Da muka faɗa fadamar motar ta fara tafiya a karkace, injin na ruri, tayoyin biyu na haƙa tare suna watsa laka sama. Baba ya buɗe ido yana saurare, na ga fuskarsa ta koma irin ta gareji.

“Auta, ce ma wancan kada shi ɗaga ƙahwa daga totur. In ya ɗaga mun zauna.”

Na ce, “Hwaɗa mishi da kanka, Baba. Ga shi nan, gilashi kaɗai at tsakaninku. Ka ce ka yahe mishi, in buga gilashin shi ji. Don Allah, Baba. Kalma guda.”

Ya ja numfashi. Ya ɗaga hannu kaɗan kamar zai taɓa gilashin, ya mayar.

“Bari mu hita taɓon ga tukuna.”

Daga nan sai salati. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi, har suka daina. Ban buga wa Yaya gilashi ba, don na san in ya tsaya mun kafe. Na rufe wa Baba ido, na riƙe kansa kada ya bugu da ƙarfe, Yaya na ta kokawa da sitiyari yana sauri ya kai mahaifinsa asibiti. Sai da tayoyi suka hau ƙasa mai tauri na buga rufin motar.

Ranar da aka share makoki Gwaggo ta sake tare ni, ta jawo ni ɗaki. Na gaya mata yadda aka yi. Ta share ido ta ce, “Ki ce mishi ya yahe. Wa ag gurin ban da ke? Allah ba shi kama ki da wagga.” Na so in yi, wallahi na so. Amma ni ma 'yar mutumin nan ce, bakina ya ƙi.

Da la'asar na sami Yaya shi kaɗai a cikin rufaffen garejin, zaune a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, bai tambaya ba. Na zauna na faɗa masa duka, abin da na roƙa da amsar da aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka maka da alherin duk wanda ka fitar daga laka. Amma ka ba ni haushi, kuma har yau ban huce ba. Ka sami shekaru, ka sami Salloli, ka sami safiya guda cur a ƙauye yana tsaye a ƙofarka cikin ruwa, duk ka ce sai an jima.

Yaya ya gyara zama. Can ya ce, “Tukuna ya ce?”

Na ce, “Tukuna ya ce.”

Ya sunkuyar da kai, ya dafe fuska da hannu biyu.

“Saura kaɗan hwa mu hita, auta. Wallahi saura kaɗan.”